Rabin giram tsakanin kamu da asara: Yadda ƙugiya mai baki uku ke juya kifin yaudara

Daga Keffi zuwa ruwan da ake samun babban kifi akwai 'yar tafiya. Kogin Antau da ya ratsa garin yakan cika ya batse da damina, amma da rani sai ya janye ya bar yashi da 'yan kududdufai. Saboda haka mai sha'awar fatsa da ke zaune a Keffi, ko Masaka, ko Mararaba, wanda daga Litinin zuwa Juma'a yake fama da cunkoson Nyanya don ya isa Sakatariyar Tarayya kafin a ja layi a rajistar zuwa aiki, idan Asabar ta zo sai ya zaɓi hanya. Ko dai ya bi titin Akwanga ya tsaya a Kogin Mada, ko kuwa ya karya kudu ta garin Nasarawa ya gangara Loko, inda Binuwai ke shimfiɗe ƙarƙashin gadar Loko zuwa Oweto da aka ƙaddamar a watan Mayun 2023.

Masuntan da zai tarar a bakin ruwa sun gaji sana'arsu, da birgi da kalli da gura da mamari. Shi kuwa abin da ke cikin jakarsa baƙo ne a wurin: ɗan guntun katako ko roba da aka sassaƙa da siffar ƙaramin kifi, aka yi masa fenti da idanu, aka rataya masa ƙugiyoyi biyu ko uku a ciki da wutsiya, kowace da baki uku. Wannan shi ne kifin yaudara. Ba a sa masa tana, ba a sa masa hanjin kaza. Motsinsa kawai yake sayarwa, kuma manyan kifaye masu farauta da ido, irin su tsage da giwan ruwa, su ne masu sayen.

Daga waje ake shigo da shi, da kuɗin waje ake biyansa, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk wanda albashi ne madogararsa ya san abin da hakan ke nufi. Idan ɗaya ya maƙale a saiwar itace a ƙasan kogi zare ya tsinke, asarar ba ta tsaya kan kifin da ba a kama ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, sau da yawa mai kayan ne da hannunsa ya jawo asarar tun daga gida, ranar da ƙugiyoyin asali suka yi tsatsa ya cire su ya sa waɗanda ya samu.

Gora, totuwa da dalma

Babu wani sabon ilimi a nan ga masuncin ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake dangantawa da shekarar 1934 kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya ga yadda dubban mutane ke faɗawa Matan Fada kowa da koma da ƙaton gora. Goran nan yana ɗauke da mutum a kan ruwa domin iskar da ke cikinsa. Yaron da ke fatsa a bakin rafi kuma yakan ɗaura totuwar kara a sama don ta yi iyo, ya matsa 'yar dalma a ƙasa don ta ja ƙugiya ta nutse. Idan dalmar ta yi yawa totuwa ta nutse, idan ta yi kaɗan tana ta tsaya a inda kifi ba ya kiwo. Yaron bai san sunan Arkimidis ba, masanin Girka da ya bayyana ƙa'idar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, amma da ita yake aiki: duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwa na tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya ture.

Kifin yaudara ya haɗa gora da dalma a jiki ɗaya. Gangar jikinsa, ko katako mai sauƙi ko roba mai iska a ciki, tana son tashi sama. Ƙarfen da ke jikinsa, wato zobba da ƙugiyoyi da 'yan ƙwallayen da ake sakawa a ciki, yana son nutsewa. Masu ƙera shi sun kasa shi gida uku. Akwai mai tasowa sama da zarar an daina jan zare, akwai mai nutsewa, akwai kuma na tsakiya, wanda idan an tsaya sai ya tsaya cak a inda yake, bai hau ba bai sauka ba, kamar ƙaramin kifin da ya ji rauni ya rasa inda zai nufa. Masu fatsa da yawa sun shaida cewa a wannan tsayuwar ce babban kifi ya fi kai hari.

Asalin abin ma daga lura irin ta masunci ya fito. A 1936 wani matalaucin masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala, da ke kamun kifi a Tafkin Päijänne, ya lura cewa manyan kifaye kan ware wanda ke tangaɗi a cikin garken ƙanana su cafke shi. Sai ya sassaƙa ɓawon itace mai sauƙi da wuƙa, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Kamfanin da ya tsiro daga wannan aiki ya shahara a Amurka bayan mujallar Life ta ba da labarinsa a watan Agustan 1962, a fitowar da ke ɗauke da hoton Marilyn Monroe jim kaɗan bayan mutuwarta. Kamfanin ya yi suna da gwada kifayensa cikin kwamin ruwa kafin a sa su a kwali. Gwajin kuwa da ƙugiyoyin da aka rataya musu a masana'anta ake yin sa. Ranar da aka canza su, lissafin ya tashi.

Lissafin da ke cikin bokiti

A ɗauki misali don a ga ƙanƙantar tazarar. A ce gangar kifin yaudara, ba tare da ƙugiya ba, tana ture ruwa mai nauyin giram 14, ita kuma nauyinta giram 13 ne. Ke nan tana da rarar giram guda da ke ɗaga ta sama. Ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau takwas, saboda haka idan ya shiga ruwa yakan rasa kimanin kashi ɗaya cikin takwas na nauyinsa. Ƙugiyar da ta yi giram guda a sikeli, a cikin ruwa giram 0.87 take ja. Idan aka rataya ƙugiyoyi biyu masu rabin giram kowace, za su ja giram 0.87, saura rarar 0.13. Kifin zai riƙa tasowa a hankali. Idan aka sa masu giram 0.6, jansu ya zama 1.04, rarar ta ƙare, ya kusa tsayawa cak. Idan aka sa masu giram 0.7, jansu ya kai 1.22, sai ya kama hanyar ƙasa, inda saiwoyi da duwatsu da tsofaffin tarun da aka yasar ke jiransa.

Tsakanin mai tasowa da mai nutsewa, a wannan misali, bambancin bai wuce kashi biyu cikin goma na giram a kowace ƙugiya ba. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ma ba ya jin sa.

Lambobin da ke jikin kwalin ƙugiya ba sa taimakawa yadda ake zato. Tsarinsu a juye yake: lamba 8 ta fi lamba 6 ƙanƙanta, 6 ta fi 4 ƙanƙanta, har a kai lamba 1, daga nan sai a juya zuwa 1/0, 2/0, 3/0, inda girma ke bin lamba. Mai baki uku lamba 6 takan yi kusan rabin giram, lamba 2 kuma kusan giram guda, amma babu wata hukuma a duniya da ta tilasta wa masu ƙira ma'auni ɗaya. Lamba 4 ta kamfanin Mustad, wanda ya samo asali a garin Gjøvik na ƙasar Norwe tun 1832, ba lallai ta yi nauyi ɗaya da lamba 4 ta VMC na Faransa ko Owner na Japan ba. Balle waɗanda ake sayarwa a ƙulle cikin leda babu suna.

Sai kuma alamar 2X, 3X ko 4X, wadda ke nuna kaurin wayar da aka lanƙwasa aka yi ƙugiyar. A nan ne mutane suka fi faɗawa. Nauyin waya ba ya ƙaruwa daidai da kaurinta, yana ninkawa ne: idan kauri ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, nauyi zai ƙaru da kashi 44 cikin 100. Ƙugiyar rabin giram ta koma giram 0.72 ke nan, alhali lambarta ba ta canza ba, kuma ga ido girmanta ɗaya. Wanda ya ji labarin ƙarfin giwan ruwa ya ce bari ya sa mai kauri don kada ta miƙe, ya yi tunani mai kyau, sai dai ya mai da kifinsa mai iyo ya zama dutse bai sani ba.

Maganin bai kai tsadar cutar ba. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da filaya mai siririn baki don buɗe zobe, da bokiti mai zurfi. A auna tsohuwar ƙugiya kafin a yar da ita, a rubuta. A rataya sabuwa, a danna kifin cikin ruwa da ɗan kara har tsakiyar bokiti, a saki, a ƙirga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya taso ko ya taɓa ƙasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma a yi gwajin da duk abin da zai kasance a hancinsa ranar kamu, domin shi ma yana da nauyi.

Ruwan Keffi ba ruwan Finlan ba ne

Akwai wani abin da ke shiga lissafin wanda ba ya cikin kwali, wato zafin ruwa. Ruwa ya fi nauyi a ma'aunin zafi 4, daga nan yana sauƙi yayin da yake ɗumama. Lita guda a ma'auni 10 tana da giram 999.7, a ma'auni 30 kuwa giram 995.7. Ragin kashi huɗu cikin dubu ne. Ga kifin da ke ture giram 14, wannan ya kama kusan giram 0.06, wanda ya isa ya motsa abin da aka daidaita ya tsaya cak. A ɗaya ɓangaren kuma, roba ma tana ɗan kumbura da zafi, ta ture ruwa fiye da da. Wanne zai rinjayi wanne ya danganta da abin da aka ƙera jikin da shi, shi ya sa masu fatsa a ƙasashen sanyi suka daɗe suna musu a kan ko ɗumi nutsar da kifin yaudara yake yi ko tasar da shi. Abin da ba a musu a kai shi ne, wanda aka daidaita don tafkin da ke narkewa daga ƙanƙara ba zai yi hali ɗaya a Binuwai cikin watan Afrilu ba. Ko a nan gida, ruwan safiyar hunturu daban yake da na la'asar ɗin bazara. Gwajin bokiti a tsakar gida share fage ne, na gaskiya sai a gefen kwalekwale.

Zaren ma yana da ra'ayi. Wanda aka kitsa da siraran zaruruwa ya fi ruwa sauƙi, yana iyo, yana ɗaga hancin kifin. Na nailan ya ɗan fi ruwa nauyi kaɗan. Akwai wani garai-garai da ake kira fulorokabon, wanda nauyinsa ya kusa ninka na ruwa, yana jan hanci ƙasa. Mai neman tsage kuwa dole ya sa guntuwar wayar ƙarfe tsakanin zare da kifin, domin haƙoran tsage kamar reza suke, suna datse nailan a cizo ɗaya. Wayar nan da maɗaurinta nauyi ne a kan hanci, kuma sau da yawa sai an rage girman ƙugiyar ciki kafin a biya bashinsa.

Inda aka ɗora nauyin yana da muhimmanci kamar yawansa. Ƙugiyar ciki mai nauyi tana sunkuyar da kai, ta sa leɓen robar da ke gaba ya ƙara cizon ruwa, kifin ya nutsa da sauri, kuma tana hana shi kifewa a ruwa mai gudu. Ƙugiyar wutsiya mai nauyi kuwa tana kashe kaɗawar da ake sayen kifin dominta, kamar mai rawa da aka ɗaura wa dutse a ƙafa. Don haka idan ana son ƙara nauyi, a fara da ta ciki. A kuma duba tsawo: idan aka riƙe kifin aka karkaɗa, ƙugiyar ciki ta iya kamo ta wutsiya ko ta hau leɓe, to jifa ɗaya cikin kaɗan za ta harɗe a iska, a jawo ta tana juyawa kamar ganye. Masu gajeren wuya aka yi domin wannan.

Idan ɗan kaɗan ya rage a kai ga tsayuwa cak, ana iya naɗa siririyar dalma irin ta masu gyaran rediyo a wuyan ƙugiyar ciki, ana ragewa da filaya har a dace. Da filaya, ba da haƙori ba. Al'adar matse dalma da baki ta zama jiki ga masu fatsa, amma ƙasar da ta ga yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

Tsage da giwan ruwa ba bukatarsu ɗaya ba

Giwan ruwa na iya wuce kilo 100, kuma wanda ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ya yi. Bakinta faɗi gare shi, haɗiye abin farauta take yi gaba ɗaya, sannan ta nufi duwatsu. Ƙugiyar da aka ƙera don kifin kilo biyu a tafkunan Amurka miƙewa take yi a bakinta kamar allura. Masu zuwa Tafkin Nasser a Masar domin ita sun saba cire ƙugiyoyi da zobban masana'anta su sa masu kauri. Dabarar da ta dace a nan ita ce a fara da kifin yaudara mai yawan rara, wanda ke tasowa da ƙarfi, domin shi ne zai ɗauki ƙarfe mai nauyi bai nutse ba. Wanda aka riga aka daidaita ya tsaya cak ba shi da wurin ƙari. Wata hanyar kuma ita ce a sauka lamba ɗaya a girma, a hau mataki ɗaya a kauri, nauyi ya tsaya kusa da na asali.

Tsage labarinsa daban ne. Bakinsa ƙashi ne da haƙora, yana kai hari da gudu, ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Baki uku a nan yakan zama rauni, domin ƙarfin fizga yana rabuwa gida uku, babu tsinin da ya shiga sosai, kuma nauyin kifin yaudarar da ke lilo a waje shi ke taimaka wa tsagen ya fincike. Shi ya sa masu fatsa da yawa a Kogin Zambezi suke cire masu baki uku su sa ƙugiya guda mai kaifi. Sai dai guda ɗaya ba ta kai mai baki uku nauyi ba idan girmansu ɗaya, don haka kifin zai taso fiye da yadda aka saba. Akan ɗauki wadda ta fi girma, ko a ƙara zobe, har sikeli ya nuna abin da aka cire.

Tarwaɗa kuwa, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwannin Keffi da wuraren gashi na Abuja, ba ta cika damuwa da duk wannan ba. Da gashin baki da hanci take kiwo. Idan damina ta sauka ruwa ya yi ja, tana da hanjin kaza sun fi kowane fenti aiki. Lokacin kifin yaudara shi ne daga kaka zuwa bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya ya washe.

Abin da ke kan gaɓa

Ƙugiya mai baki uku ba ta bambance kifi da mutum. Kifi na fizge-fizge a cikin kwalekwale da tsini shida ko tara a bakinsa, hannun da ya kai masa ba tare da filaya ba yana cikin haɗari. Idan tsini ya shige har bayan ɗan kunnen da ke hana shi fita, ja da baya yaga nama yake yi. Daga Loko zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi tafiya ce mai nisa ga mai ƙarfe a yatsa, kuma ko an cire, sai an nemi allurar tetanus. Matse kunnen da filaya tun a gida yana sauƙaƙa cirewa daga fata da kuma bakin ƙaramin kifin da ya kamata a mayar ruwa, kuma bai taɓa nauyin ƙugiyar ba, domin ƙarfen na nan, lanƙwasa shi kawai aka yi.

Mayar da ƙanana ba ƙaramin abu ba ne a kogunan da suka sha wahala. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, amma masunta a faɗin Neja da Binuwai sun daɗe suna kukan raguwar manyan kifaye. Ma'aikacin da ya zo hutun Asabar ba shi ne ya jawo wannan ba, sai dai baƙo ne a wurin da wasu ke ci da iyalansu. Akwai Sarkin Ruwa ko shugaban masunta a yawancin mashigai, kuma gaishe shi kafin a jefa zare ya wuce ladabi kawai. Shi ya san inda aka kafa kalli da daddare, inda mamari ke shimfiɗe da ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa. Kifin yaudara mai nutsewa da ya faɗa cikin kallin wani ya jawo asara biyu, ga rigimar da ba a shirya mata ba. Mai tasowa kuwa, idan aka ji ya taɓa wani abu aka saki zare, sau da yawa yakan ja da baya ya taso da kansa, a naɗe shi a sake jifa.